Maganin Hawan Jini: Ka San Dangin Ƙwayar da Kake Sha

Daga Machina zuwa Nguru har Gashuwa, da wuya ka shiga gidan da ke da dattijai ka rasa wata leda ko gwangwani da aka adana maganin hawan jini a ciki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai shan maganin da ya san sunan abin da yake haɗiya. In ka tambaya, amsar ba ta wuce "'yar farar nan ƙarama" ko "mai sa fitsarin nan". Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin magungunan hawan jini dangi-dangi ne, kowane dangi da wurin da yake kamawa a jiki. Akwai wanda ke kare ƙoda shekara da shekaru, amma ya cuce ta ranar da mai shi ya kwana yana amai da gudawa. Akwai wanda mai juna biyu za ta sha lafiya lau, akwai wanda zai illata abin da ke cikinta.

Maganar ta fi nauyi a yankin nan saboda ƙoda. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da ƙauyukan Bade da Jakusko, har gwamnatin Yobe ta sa masana bincike a kai, kuma iyalai da yawa sun ɗanɗana wahalar zirga-zirgar wankin ƙoda zuwa Damaturu ko Kano. Hawan jini da ciwon ƙoda kuwa kowanne na ciyar da ɗan'uwansa: hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a cikin ƙoda, ƙodar da ta lalace kuma tana ƙara hawar da jini. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, da ƙoda a raina nake faɗarsa. Sunayen magungunan zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don mai karatu ya ɗauko nasa ya gwada.

Lambobi biyun da ake faɗa maka

Wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar kogin Yobe ya san abu uku ne ke sa tiyo ya yi tauri har ya fashe: ƙarfin inji, yawan ruwan da ake turawa, da ƙuncin tiyon kansa. Haka jini yake. Zuciya ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyon, ƙoda kuma ita ke ƙayyade yawan ruwa da gishirin da ke yawo a ciki. Kowane maganin hawan jini ɗaya daga cikin ukun nan yake taɓawa: ko ya buɗe jijiya, ko ya rage ruwa da gishiri, ko ya sassauta bugun zuciya.

In aka ce awonka 150 bisa 95, lambar farko matsin jini ce a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, ta biyun kuma matsin da ya rage lokacin da ta saki tana cika. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana fara magani in an tabbatar awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura. Ga wanda ya riga ya yi ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko yake da ciwon suga ko na ƙoda, ana iya farawa tun lambar sama tana 130. Tabbatarwa kuwa tana nufin a auna a ranaku daban-daban, ba awo ɗaya ba bayan an sauko daga babur an sha rana.

Awon kansa yana da ƙa'ida. Ka yi fitsari tukuna, ka zauna ka jingina bayanka na minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha taba ko kofi rabin awa kafin nan, kuma kada ka yi magana yayin da na'ura take matsa hannu. A auna sau biyu, a rubuta duka da kwanan wata.

Kada wani ya ce maka ciwon kai ne ma'auni. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya wadatar.

Masu buɗe jijiya

Da wannan dangi ya kamata a fara, domin shi ne aka fi ba mutanenmu, kuma shi ya fi yi mana aiki. Babbansu amlodipine ne, sai ɗan'uwansa nifedipine. A bangon kowace jijiyar jini akwai tsoka siririya da ke matsewa ta saki. Ba ta matsewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta ta wasu ƙananan ƙofofi. Amlodipine yana toshe ƙofofin, tsoka ta saki, jijiya ta buɗe, matsi ya sauka. Ba ruwansa da kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi, ba ya rage shi.

Ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, in bai isa ba a kai 10. Yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, shi ya sa sau ɗaya ya wadatar, shi ya sa kuma ba a yanke masa hukunci kwana biyu da farawa. Sai ya yi mako ɗaya ko biyu kafin a ga cikakken aikinsa. Ba ya bukatar gwajin jini kafin a fara shi, abin da ya sa ya dace da ƙananan asibitocin ƙauye.

Illarsa da aka fi gani kumburin ƙafa ce, wajen idon sawu, musamman da yamma kuma musamman ga mai shan miligiram 10. A nan mutane ke firgita, domin a ƙasar nan kumburin ƙafa ƙoda yake tuna wa kowa. Kumburin amlodipine ruwa ne da ke tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin da suka buɗe, ba alamar ƙoda ta lalace ba ce. Duk da haka kada ka yanke wa kanka hukunci, ka je a gwada fitsari da jini a bambance. Kuma kada ka sayi maganin sa fitsari a kemis don kore shi, ba ya jin wannan. Abin da ke rage shi shi ne a rage yawan maganin, ko a haɗa shi da losartan. Wasu kan ji ciwon kai ko zafin fuska a makon farko, yakan wuce. Wasu kuma dasashinsu kan kumbura, don haka a kula da goge baki da asuwaki.

Nifedipine da ake ba mai hawan jini irin wanda ke narkewa a hankali ne. Ba a fasa shi, ba a tauna shi, ba a daka shi. Tsohuwar dabarar nan ta ɗiga mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe don "sauke jini nan take" likitoci sun bar ta, domin faɗuwar jini farat ɗaya tana iya hana ƙwaƙwalwa jini ta jawo shanyewar da ake gudu.

Masu rage ruwa da gishiri

Waɗannan su ne "masu sa fitsari". Sun fito a ƙarshen shekarun 1950, kuma su ne ƙwayoyi na farko masu sauƙi da suka sauya labarin cutar. Kafin su, ko shugaban Amurka Franklin Roosevelt likitocinsa ba su da ƙwayar kirki da za su ba shi, har jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa ya mutu a 1945. A kwali za ka ga hydrochlorothiazide, ko indapamide, ko chlorthalidone, ko bendroflumethiazide. Moduretic da dattijai da yawa suka sani haɗi ne na hydrochlorothiazide da amiloride.

Aikinsu a ƙoda yake. Suna hana ta mayar da wani kaso na gishiri cikin jini, gishirin ya fita a fitsari, ruwa ya bi shi. Bayan 'yan makonni yawan fitsarin yakan ragu, amma jinin ya ci gaba da zama a ƙasa, domin a hankali suna sa jijiyoyi su saki. Miligiram 12.5 zuwa 25 na hydrochlorothiazide ya wadatar. Ƙari a kan haka illa yake ƙarawa fiye da amfani.

Da safe ake shan su don kada fitsari ya hana barci. Suna iya rage gishirin jini da sinadarin fotasiyam fiye da kima, musamman ga tsofaffi, alamar kuwa kasala ce, da ɗaurewar tsoka, da jiri, wani lokaci har da ruɗewa. Suna iya tayar da ciwon gaɓa irin wanda ke kama babban yatsan ƙafa da zafi da kumburi, kuma suna ɗan ɗaga suga. Saboda haka mai shan su yana bukatar gwajin jini lokaci-lokaci.

Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, shi ma yana sa fitsari, amma aikinsa daban ne. Na wanda zuciyarsa ta gaza ne ko ƙodarsa ta yi rauni har ruwa ya taru a jiki. Ba ƙwayar da za a miƙa wa kowane mai hawan jini ba ce.

Masu kwance saƙon ƙoda

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan dangi shi ya fi amfani ga ƙoda, shi kuma ya fi bukatar hattara.

Idan ƙoda ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Shi kuma ya tayar da jerin sauye-sauye a cikin jini har a samu anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyi da ƙarfi, ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri. Tsari ne da Allah ya yi don ceton wanda ya zubar da jini ko ƙishi ya galabaitar. Amma in ya yi ta aiki ba dalili, hawan jini yake haifarwa. Magunguna iri biyu ne ke tare shi. Iri na farko suna hana a ƙera anjiyotensin ɗin, kuma sunayensu duk da "pril" suke ƙarewa: lisinopril, enalapril, ramipril, perindopril, captopril. Iri na biyu suna bari a ƙera shi amma su toshe wurin da yake kamawa a jikin jijiya, sunayensu kuma da "sartan" suke ƙarewa: losartan, valsartan, telmisartan. Wanda ya riƙe waɗannan ƙarshen suna guda biyu ya riƙe rabin darasin nan.

Mutanen Machina, da tarihin masarautarsu yake ɗaure da macizai, za su so jin asalin masu "pril". A shekarun 1960 wani masani ɗan Birazil, Sérgio Ferreira, ya gano cewa dafin wani macijin ƙasarsu mai suna jararaka yana ɗauke da sinadarin da ke faɗar da jini. Daga wannan ilimi aka ƙera captopril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981. Ƙwayar kanta babu dafi a cikinta, a masana'anta ake haɗa ta. Losartan kuwa ya fito a 1995.

Falalarsu ita ce suna rage matsi a cikin matatun ƙoda kansu, suna rage zubar furotin a fitsari, suna jinkirta lalacewar ƙoda. Shi ya sa mai ciwon suga, ko wanda aka ga furotin a fitsarinsa, ko wanda zuciyarsa ta yi rauni, kusan kullum za a sa masa ɗayansu. Amma akwai sharaɗi: a gwada jini a ga aikin ƙoda da yawan fotasiyam kafin a fara, a sake gwadawa bayan mako ɗaya ko biyu. Suna sa jiki ya riƙe fotasiyam, kuma in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya ba tare da gargaɗi ba. A ganina, a Gashuwa da kewaye bai kamata kowa ya fara lisinopril ko losartan a kan shawarar mai kemis ba tare da wannan gwaji ba. Ana yin sa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da manyan asibitocin yankin, kuma kuɗinsa bai kai na zaman wankin ƙoda ɗaya ba.

Masu "pril" suna jawo busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro ga wasu mutane. Da yawa sun sha maganin tari wata da watanni, wasu har an yi musu zargin tarin fuka, alhali ƙwayar ce. In aka sauya zuwa losartan tarin yakan tafi. Akwai kuma illa da ba a cika gani ba amma mai haɗari, kuma ta fi samun baƙar fata: leɓe ko harshe ko fuska su kumbura farat ɗaya. Wanda ya ga haka ya daina ƙwayar ya nufi asibiti a lokacin, domin kumburin yana iya toshe numfashi. Ba a haɗa mai "pril" da mai "sartan" wa mutum ɗaya.

Abu na ƙarshe game da su: su kaɗai ba su cika sauke jinin baƙar fata sosai ba, domin yawancinmu hawan jininmu ya fi alaƙa da riƙe gishiri fiye da yawan renin. Da aka haɗa su da amlodipine ko mai sa fitsari, sai su yi aiki sosai.

Sauran

Atenolol, bisoprolol, propranolol da carvedilol, masu ƙarewa da "lol", zuciya suke sassautawa, su rage saurinta da ƙarfin bugunta. James Black ne ya ƙirƙiro propranolol a shekarun 1960, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1988. Yanzu ba da su ake fara maganin hawan jini ba, sai ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko zuciyarsa ke gudu ko ta yi rauni. Mai asma ya gaya wa likita kafin a ba shi, domin suna iya toshe masa ƙirji. Mai ciwon suga ya sani suna ɓoye faɗuwar gaban da ke gargaɗinsa in sugansa ya faɗi. Kuma ba a daina su rana ɗaya, zuciya takan zabura.

Methyldopa, wato Aldomet, a ƙwaƙwalwa yake aiki, yana rage saƙon da ke sa jijiyoyi su matse. Yana sa barci da kasala, kuma ana shan sa sau biyu ko uku a rana, don haka yanzu an fi barin sa ga masu juna biyu. Spironolactone kuma shi ake ƙarawa in magani uku sun kasa, da sa ido sosai kan fotasiyam.

Me ya sa ake ba mutum biyu ko uku?

"Likita ya ƙara mini wani, ashe ciwon ya yi tsanani." Ana yawan jin wannan, kuma ba haka ba ne. In ka toshe hanya ɗaya, jiki yakan nemi wata ya mayar da jini sama. Ƙwayoyi biyu daga dangi daban-daban, kowacce kaɗan, sun fi ƙwaya ɗaya mai yawa aiki, sun kuma fi ta ƙarancin illa. Yawancin masu hawan jini sai da biyu suke daidaita.

Wannan ba daga littafin Turawa kawai aka kwafo ba. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci wani gwaji mai suna CREOLE a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya, kan mutum sama da 700, aka buga sakamakonsa a 2019. An gwada haɗi uku na wata shida. Haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide sauke jini. Tsarin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da shi don ƙananan asibitoci, wanda aka fara aiki da shi a jihohin Kano da Ogun a 2020, kan wannan hanya yake: a fara da amlodipine 5, in bayan wata guda bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba a ƙara losartan 50, in bai isa ba a kai su 10 da 100, sannan a ƙara hydrochlorothiazide 25, in duk wannan bai yi ba a tura mutum babban asibiti. Na kawo shi ne don ka gane inda kake a kan tsanin, ba don ka hau shi da kanka ba.

Zafi, azumi da ranar rashin lafiya

A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin Nguru da Machina yana haura digiri 40. Manomi ko makiyayi ko masunci da ke shan mai sa fitsari ko losartan, yana kuma zubar da gumi wuni guda, jininsa na iya faɗuwa ƙodarsa ta ƙafe. Ya riƙa shan ruwa kafin ƙishi ya kama shi. In yana jin jiri duk lokacin da ya miƙe, ya je a auna shi a zaune da kuma a tsaye, wataƙila a rage masa magani har damina ta faɗi. Su kansu ƙwayoyin ba sa son zafi: yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, don haka aljihun mota da taga mai rana ba wurinsu ba ne.

Ranar da amai da gudawa suka kama mutum, ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, ita ce rana mafi haɗari ga mai shan "pril", "sartan" ko mai sa fitsari. Jiki ya bushe, ƙoda tana neman kare kanta da anjiyotensin, ƙwaya kuma ta hana ta. Likitoci kan ce a dakatar da waɗannan na kwana ɗaya ko biyu har mutum ya koma ci da sha, sannan ya ci gaba. Ka tambayi likitanka wannan tun kana lafiya, ya nuna maka wace ƙwaya ce cikin naka.

Azumi ba ya hana shan magani, lokaci kawai ake sauyawa. Wanda ake sha sau ɗaya ana iya mayar da shi bayan buɗa-baki, kuma mai sa fitsari ya fi dacewa a sha shi da buɗa-baki maimakon sahur, don kada a shiga wuni da ƙarancin ruwa. A je wa likita tun cikin Sha'aban a tsara. Wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni sosai ko jininsa ya ƙi sauka, ya ji shawarar likita da ta malamai, shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi.

Ke mai juna biyu, ko mai niyyar ɗaukar ciki, duba kwalinki yau. In sunan ya ƙare da "pril" ko "sartan", ki je asibiti a sauya miki, domin suna lalata ƙodar jariri tun yana ciki. Methyldopa, nifedipine da labetalol su ake ba masu ciki. In ciki ya haura wata biyar kika ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ciwo a saman ciki, wannan gargaɗin jijjiga ne. Ba a kwana da shi a gida.

Abin da ke warware aikin magani

Babban abokin gabar waɗannan ƙwayoyi a kemis ɗaya ake sayar da shi tare da su. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ke cikin "haɗin" da ake ƙulla wa manoma da 'yan dako da yamma, suna sa jiki ya riƙe gishiri, suna ɗaga jini, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Wanda ya haɗa ɗayansu da losartan da mai sa fitsari ya tara wa ƙodarsa abu uku a lokaci guda, kuma wannan haɗi sananne ne wajen tsayar da ƙoda. Ga ciwon jiki na yau da kullum paracetamol ya fi aminci. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", masu ɗauke da dexamethasone, su ma suna hawar da jini da suga. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda. Kanwa da mangul da ake kawowa daga ƙasar Manga su ma sodiyam ne a cikinsu, sinadarin da ke cikin gishiri, don haka kunun kanwa kullum bai dace da mai hawan jini ba. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. Uwargida ce ke riƙe da wannan ɓangaren maganin, kuma in an rage wa tukunyar gida gaba ɗaya, yara ma sun amfana.

Zoɓo fa? Gwaje-gwaje sun nuna zoɓo marar sukari yana ɗan sauke jini. Ba laifi a sha. Amma ƙarfinsa yana bambanta daga tukunya zuwa tukunya, kuma bai kai ya maye gurbin ƙwaya ga wanda awonsa ke 170 ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa, a yankin da ƙoda take cikin haɗari, ni ban ga dalilin kusantarsu ba.

Akwai maganar da maza ba sa faɗa wa likita sai dai su daina magani a ɓoye: raunin kusantar iyali. Gaskiya ne masu sa fitsari da atenolol suna iya jawo shi ga wasu. Amma hawan jinin kansa yana lalata jijiyoyin wurin, don haka daina magani ƙara ta'azzara abin yake. Ka faɗa a sauya maka, amlodipine da losartan ba su cika jawo wannan ba. Ka guji maganin ƙarfin maza na kasuwa, an sha samun an cusa masa sinadarin da ba a rubuta a jikinsa ba.

"Ai na warke"

Mutane na cewa in ka fara sha ba ka dainawa, kamar ƙwayar ce ke kama mutum. Ba ita ke kamawa ba. Ba ta warkar da hawan jini ne, riƙe shi take yi a ranar da aka sha ta. Awon da ya sauka zuwa 125 bisa 80 shaida ce magani yana aiki, ba shaidar an warke ba. In aka daina, cikin kwanaki ko makonni jinin ya koma inda yake, shiru ba alama. Wanda ya rage ƙiba da gishiri, ya bar taba, yana tafiyar ƙafa, likita na iya rage masa magani, amma da awo ake yin haka.

In ka manta ka tuna a ranar, ka sha. In sai washegari, ka sha na ranar kawai, kada ka ninka. Ka ɗaura shan maganin da abin da ba ka fashinsa, kamar sallar Asuba. Ka sayi sabo tun saura na mako guda, musamman in daga ƙauyukan Machina kake sai ranar kasuwa kake shigowa Nguru. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ka ari na maƙwabci don nasa "ya fi ƙarfi". In kuɗi ne suka gaza, ka gaya wa likita, domin amlodipine da hydrochlorothiazide marasa sunan babban kamfani suna cikin magunguna mafi araha.

In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa suka mutu a gefe ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dushewar gani, a ɗauki mutum zuwa asibiti a take. Kada a ɗura masa ƙwayoyi a gida, kada a jira gari ya waye.

Zuwanka asibiti na gaba, ka tafi da ledar magungunanka duka, har da na ciwon jiki da na gargajiya. Ka roƙi likita ko jami'in lafiya ya rubuta maka sunan kowanne da yawansa a katin da za ka riƙa yawo da shi, ya nuna maka wanda za ka dakatar ranar amai da gudawa. Sannan ka nemi a gwada fitsarinka da jininka don ganin lafiyar ƙoda, ka kuma maimaita gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara.